Garken da Ba a Ƙidaya Ba

Jawabin da wani ɗalibin aji uku a fannin nazarin kwamfuta ya gabatar a taron hutu na ɗalibai 'yan asalin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi



Sa'ad da Sakatare ya sanar cewa zan yi magana a kan tsaro, na lura wurin ya yi tsit, don kuwa mu mutanen arewacin Zamfara in aka ce tsaro, abin da ke faɗo mana a rai shi ne hanyar Kaura zuwa Shinkafi, da gonakin da aka bari ba noma, da 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu. To, ku gafarce ni, wannan magana ta fi ƙarfin bakina, akwai manya a nan da suka fi ni saninta. Tsaron da na zo da shi na bayanan jama'a ne waɗanda ofisoshi da makarantu suke ajiyewa cikin kwamfuta. Amma in kun yi haƙuri da ni, za ku ga kafin in zauna maganganun biyu sun haɗu a wuri ɗaya.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Layin dogo ya iso Kaura Namoda daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, a shekarar 1929, nan kuma ya tsaya. Kakanninmu suna ba mu labarin zamanin da ake lodin gyaɗa a tasha, yadda kowane buhu sai an auna shi, an buga masa shaida, akawu ya shigar da shi littafi kafin ya hau tarago. Haka nan duk wanda ya taɓa raka dabba kasuwar Shinkafi ya san mai masauki ba ya karɓar shanun baƙo sai an ƙirga su a gabansa, ya san kamannin kowace. Makiyayi ma in ya koro garke da yamma ba ya kwanciya sai ya bi su ɗaya-ɗaya. Dalili kuwa a fili yake, wanda bai san yawan shanunsa ba, ko an kore masa goma ba zai yi kururuwa ba, don bai san an yi masa asara ba.

Yanzu sai mu koma ga abin da ake kira gajimare. Sunan yana ruɗin mutane, har wani ƙanena ya taɓa tambayata ko damina tana shafarsa. Gajimare dai manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci dubbai, waɗanda kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google suka gina a ƙasashe dabam-dabam, suna ba da hayarsu ta intanet. Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a birnin Kef Tawun a 2020. A nan gida kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone tun 2006 don ya riƙe wa ma'aikatu irin wannan aiki, hukumar NITDA kuma ta fitar da manufar ƙasa a kan amfani da gajimare a 2019, inda ta ƙarfafa wa ma'aikatu gwiwa su koma can.

Abin da ake haya ba kwamfuta sukutum ba ce. Ana ɗaukar babbar kwamfuta ɗaya ne a yi amfani da wata manhaja a rarraba ƙarfinta, kamar yadda mai gida kan tsaga babban gida ya fitar da ɗakunan haya, kowane da ƙofarsa da makullinsa. Kowane ɗaki sai ya riƙa aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Wannan ita zan riƙa kira kwamfutar haya. Ba a ganinta, ba a taɓa ta, ba ta da lambar kadara irin wadda sito yake rubutawa da fenti a bayan kujerun ofis. Duk wanda yake da mabuɗin asusun ofis yana iya ƙirƙiro ta cikin minti biyu ko uku, daga wayarsa ma, yana zaune a teburin mai shayi. Sauƙin nan shi ne amfaninta, shi ne kuma mafarin ɓarnarta, don abin da aka samu ba wahala saurin mance shi ake yi.

Bara na yi aikin koyon sana'a na wata shida a wani ofis, a wani gari, ba zan kama suna ba. Makon farko maigidana ya miƙo mini wata takarda, ya ce ga jerin kwamfutocinmu na gajimare, guda bakwai ne, in riƙa duba lafiyarsu. Ina nan ina dubawa har wata biyu. Ran nan mai kula da kuɗi ya leƙo yana ƙorafi, wai kuɗin haya kullum ƙaruwa yake yi alhali aiki bai ƙaru ba. Aka ce in bincika. Na shiga asusun na ƙirga, bakwai cif. Sai da na sauya shiyya, watau na leƙa cibiyar kamfanin da ke wata ƙasa dabam da wadda muka saba amfani da ita, sa'an nan na tarar da wasu huɗu suna ta aiki abinsu. Uku ba kome cikinsu. Ta huɗun wani mai bautar ƙasa ne ya kafa ta shekara biyu da suka wuce don gwajin shafin neman aiki, da zai yi gwajin kuwa sai ya kwafo bayanan gaskiya ya zuba: sunayen mutane, da lambobin waya, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da adireshi, da sunan magaji. Ya gama hidimarsa, aka yi masa liyafa, ya koma garinsu. Tun daga ranar ba wanda ya yi mata faci, ƙofarta ta shiga daga nesa kuma a buɗe take ga duniya duka, ga kalmar sirri wadda yaro ɗan firamare zai iya cinka. Da na buɗe littafin da take rubuta masu ƙwanƙwasa ƙofa, na ga ba dare ba rana ana gwada ta daga ƙasashen da ban taɓa jin sunan wasunsu ba. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kada wani ya ce ai wa ya san da ofis ɗin ƙaramar hukuma ko makarantarmu har zai neme mu. Masu kutse ba sa zaɓe. Suna da manhajojin da ke zagaya dukkan adireshin intanet suna murɗa kowace ƙofa, wadda ta buɗe su shiga, daga baya su duba me suka samu.

A nan ne maganata ta haɗu da waccan da na ce ta fi ƙarfin bakina. A wata ƙasa in bayanan mutum suka fita, abin tsoro shi ne a ci bashi da sunansa. A ƙasarmu, takardar da ta nuna wane ma'aikaci ne, ga matakin albashinsa, ga unguwarsu, ga lambar wayar mahaifinsa, ku da kanku kun san wa za ta yi wa amfani. Haka jerin ɗaliban makarantar kwana, haka jerin manoman da aka ba taki ko rance, haka na 'yan gudun hijira da ƙauyukan da suka baro. Ku tuna kuma da farkon watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, aka kuma rufe kasuwannin mako. Ni a lokacin ina jiran samun gurbin jami'a, sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya iya duba saƙo. Mu aka yanke daga duniya, amma duk wata kwamfutar haya da wani ofis na jihar nan yake da ita tana can Turai ko Afirka ta Kudu tana aiki, kowa a duniya yana iya ƙwanƙwasa mata ƙofa in ban da masu ita.

Sakacin ƙidaya kuwa ba ƙananan ofisoshi kaɗai yake kayarwa ba. Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Equifax, wanda aikinsa tara bayanan bashin mutane. A watan Maris na 2017 aka sanar da wata ɓaraka a manhajar Apache Struts, aka kuma fitar da facinta. Kamfanin ya sami labari, ya aika wa ma'aikatansa umurni a yi facin, har ya yi bincike ya ce bai ga sauran wurin da ya rage ba. Ashe akwai wani tsohon shafi da ke amfani da manhajar wanda binciken bai gano ba. Ta nan aka shiga a watan Mayu, aka yi ta ɗiba har ƙarshen Yuli kafin a farga, bayanan mutum wajen miliyan 147 suka fita. Binciken Majalisar Dokokin Amurka ya nuna kamfanin ba shi da cikakken lissafin kayan aikinsa. Nasu ba a gajimare yake ba, amma ciwon iri ɗaya ne, a gajimare ma ya fi tsanani saboda garken kullum sauyawa yake yi. Shi ya sa a jerin matakan tsaro da cibiyar CIS ta Amurka take fitarwa, mataki na ɗaya shi ne ka san abin da ka mallaka. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ina ga bangon da maigida bai ma san nasa ba ne?

To, mene ne magani? Akwai manhajoji da ake kira dandalin auna haɗari, kamfanoni irin su Tenable da Qualys da Rapid7 suna sayar da su. Aikin dandalin shi ne ya tara labarin kowace kwamfuta ta ofis, ya gwama shi da jerin ɓarakokin da duniya ta sani, ya gaya wa mai tsaro wanne zai fara toshewa. Tun 1999 ake ba kowace ɓaraka da aka gano lamba a wani kundi na duniya da ake kira CVE, akwai kuma ma'aunin tsanani daga 0 zuwa 10. Ɓarakar Log4j da ta tayar da hankalin duniya a Disamba 2021 maki 10 aka ba ta, abin da ya fi wahalar da ma'aikata a lokacin kuwa shi ne gano duk wuraren da manhajar take ɓoye cikin kayansu. Sai dai dandalin nan, duk tsadarsa, abin da aka nuna masa kaɗai yake gani. In an ba shi takardar maigidana mai guda bakwai, bakwai zai tsare, ya kuma nuna kore shar a allo, kowa ya tafi gida da kwanciyar hankali.

Saboda haka ake haɗa shi kai tsaye da asusun gajimare, a cire hannun mutum daga ƙidayar. Ga yadda abin yake. Kowane kamfanin gajimare yana da wata taga da manhaja take yi wa manhaja tambaya, kamar tagar akawu a tasha inda za ka tambayi kayan da suka iso. Mai kula da asusu zai yanka wa dandalin izini na musamman. Daga nan dandalin sai ya riƙa zuwa tagar a kai a kai, bayan 'yan sa'o'i, ko kuma a tsara kamfanin ya riƙa aiko masa da labari duk sa'ad da aka ƙirƙiri sabuwa ko aka kashe wata. Abin da yake karɓowa shi ne lambar kowace kwamfuta, da shiyyar da take, da irin manhajar da ke tafiyar da ita, da ko tana kunne ko a kashe, da ko tana da adireshin da duniya ke gani, da ƙofofin da aka bari a buɗe, musamman ƙofa ta 22 da ta 3389, waɗanda ta nan ake shiga a sarrafa kwamfuta daga nesa. Sa'an nan ya ɗora wannan jeri a kan jerin waɗanda aka bincika lafiyarsu. Duk wadda ta fito a na farko ba ta fito a na biyu ba, ita ce saniyar da ke kwana a daji.

Akwai wurare da ake tuntuɓe, na kuma yi tuntuɓe a wasu da kaina. Na farko shi ne wanda ya ci mu, a haɗa shiyya ɗaya a bar saura, ko asusu ɗaya alhali wani sashe na ofis ya buɗe nasa da katin bankin wani ma'aikaci. Wanda ba a haɗa ba, dandalin ba zai taɓa cewa ya ɓace ba. Sai kuma batun suna. Adireshin kwamfutar haya yakan sauya in an kashe ta an kunna, har a ba wani adireshin da ta bari. In da adireshi ake gane ta, sai ka ga saniya ɗaya an ƙirga ta sau uku, ko an rubuta wa wata ciwon wata. Da lambar da kamfani ya ba ta ran da aka ƙirƙire ta ake ganewa, don ita ce ba ta sauyawa. Kada kuma a raina wadda aka kashe. Faifanta yana nan da duk abin da ke ciki, ana biyan kuɗin ajiyarsa, ran da wani ya kunna ta kuma za ta farka da ɓarakokin duk watannin da ta yi tana barci.

Amma wanda ya fi damuna shi ne izinin da ake ba dandalin kansa. Ɗan ƙidaya ido yake bukata, ba ya bukatar igiya. Izinin dubawa kawai za a ba shi, ba na ƙirƙira ko gogewa ko buɗe faifai ba. Kamfanonin duk sun tanadi irin wannan, Amazon ma yana da hanyar ba da izinin da ke mutuwa bayan ɗan lokaci sai an sabunta, wadda ta fi mabuɗin dindindin aminci nesa ba kusa ba. Mu kuwa, don gudun wahalar minti ashirin, sai mu ba shi mabuɗin shugaba, mu kuma tura wa juna mabuɗin ta WhatsApp. Na gani da idona. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi bankin Capital One na Amurka. A 2019 aka sami kuskure a saitin katangar wata kwamfutarsu ta gajimare, aka bi ta nan aka ɗauki izinin da ke maƙale da ita, izinin kuwa ya wuce abin da aikinta yake bukata, har ya kai ga rumbun bayanai. Mutum sama da miliyan 100 abin ya shafa a Amurka da Kanada, hukuma kuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80 a 2020. Lura da cewa bankin aka ci tara. Ƙa'idar haya ke nan a duk kamfanonin: mai gida shi ke tsaron gini da wuta da babbar ƙofa, kulle ɗaki da abin da ke ciki kuwa na ɗan haya ne.

In an gama haɗi, ranar farko allo zai cika da ja, ɓaraka ɗari-ɗari, mutum ya ji kamar ya rufe ya gudu. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A ganina maki kaɗai bai isa a bi ba. Ɓaraka mai maki 9 a kwamfutar gwaji wadda ba kome cikinta, ba ta kuma kallon waje, tana iya jira. Mai maki 7 a kwamfutar albashi mai ƙofa buɗe ga duniya ba ta kwana. Tun Nuwamba 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka take wallafa jerin ɓarakokin da aka tabbatar ɓarayi suna amfani da su a zahiri, kyauta ne kuma, duk wadda ta fito a ciki ita ce gaba. Amma dandalin ba zai san wace ce ta albashi wace ce ta gwaji ba sai an gaya masa, hanyar gaya masa kuwa ita ce shaida. Kowace kwamfutar haya ana iya maƙala mata 'yan kalmomi: sashen da ya mallake ta, jami'in da ke da alhakinta, irin bayanan da ke ciki, ranar da ya kamata a rushe ta. Dandalin yana kwaso waɗannan tare da ƙidaya, shi ya sa zai iya aika wa mutum takardar aiki da sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an san wane ne mai ɗakin.

Na san yayyenmu ma'aikata za su ce ina kuɗin? Gaskiyarku, da dala ake biyan waɗannan dandali, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Amma hujjar nan kaifi biyu gare ta, don kwamfutar da aka mance ita ma da dala take cin kuɗi kowace sa'a. Bayan haka akwai doka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin sa'a 72 in ya gano an yi kutsen da zai iya cutar da su. Wanda bai san da kwamfutar ba, ta yaya zai san an shige ta, balle ya kai rahoto? Ofis ɗin da ba shi da ƙarfin sayen dandali yana iya farawa da abin da ke hannu. Kamfanonin da kansu suna da shafin da ke jero duk abin da ke cikin asusu a dukkan shiyyoyi, takardar kuɗin wata-wata kuma ba ta ɓoye kome, don kamfani ba ya mance abin da yake bin ka. Kowane ɗalibi a nan da ya yi aji biyu a kwamfuta, ko a jami'a ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura, zai iya rubuta 'yar manhajar da za ta je tagar nan kowace safiya ta kawo jeri, ta nuna abin da ya ƙaru tun jiya.

Roƙona ga waɗanda ke aiki kuwa guda ne. In an yi muku canjin wurin aiki kukan rubuta takardar miƙa ragama, ku lissafa tebur da kujera da fanka da makullin kabad. Ku ƙara shafi ɗaya: asusun gajimare nawa ne, kwamfutocin haya nawa, wa ke da mabuɗi. Mai karɓa kuma kada ya sa hannu sai ya shiga ya ƙirga da kansa, a soke mabuɗin mai tafiya a ranar. Haka za a yi wa mai bautar ƙasa, da ɗan kwangila, da irina ɗan koyon aiki.

Wani zai so ya ji yadda muka ƙare da ta huɗun nan. Mun rufe ƙofar a ranar, muka ɗauki kwafin faifan don bincike, muka rushe sauran ukun. Maigidana, in faɗi gaskiya, bai ɓoye ba, ya kai maganar sama da kansa. Sai dai littafin masu shiga da kwamfutar take ajiyewa na 'yan makonnin baya ne kawai, tsofaffin shafuka sun goge kansu, don haka ba mu iya tabbatar da an shiga ko ba a shiga ba cikin shekara biyun nan. Sunaye dubu biyu da ɗoriya ne a ciki, da na bi jerin kuma na ga na mutum uku da na sani, ɗaya ajinmu ɗaya a sakandare.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo.